Wuƙa Mai Ƙota Biyu: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Yi Odarta Don Sassaƙa Baka

Akwai wani irin bidiyo da ke yawan faɗowa a YouTube da TikTok, wanda idan mutum ya fara kallo da wuya ya ɗauke ido. Wani Bature ne zaune a kan benci mai kama da doki, ya danne doguwar sanda, ya riƙe wata wuƙa da hannu biyu yana janyo ta wajen ƙirjinsa. Duk ja ɗaya sai sassaƙe ya nannaɗe ya zube ƙasa. Kafin minti goma sanda ta zama baka, an ɗaura tsarkiya, an saki kibiya ta tafi ta cake a inda aka nufa. Matashin da ke kallon wannan a Zakirai, wanda wataƙila kakansa maharbi ne kuma tsohon kwari na nan rataye a zaurensu, abu na farko da zai faɗo masa shi ne: ai wuƙar nan ce sirrin. Daga nan sai AliExpress ko Temu, a duba farashi.

Kafin a danna maɓallin biya, yana da kyau a san aikin da wuƙar ke yi, da wanda ba ta yi. Dalili kuwa, akwai abubuwa uku da kan tafi a banza idan aka yi gaggawa: kuɗin oda, sandar da aka yi watanni ana jira ta bushe, wani lokacin har da yatsa.

Mece ce ita?

Turawa na kiranta drawknife, kuma da wannan sunan ne za a same ta idan ana bincike a intanet. Doguwar wuƙa ce mai ƙota a kowane ƙarshe, ƙotocin sun karkato wajen mai riƙe da ita. Ba tura ta ake yi ba, janyo ta ake yi. Gefe ɗaya na ƙarfen a shafe yake, ɗaya gefen kuma an gangaro da shi zuwa kaifi. Tsawon bakin kan fara daga santimita 10 a ƙananan, ya kai 30 ko fiye a manyan da ake ɓare gungumen itace da su. A Turai masu yin ganga ta katako da masu yin ƙafar keken doki da masu kujeru ne suka fi amfani da ita tun da daɗewa.

A wurin masassaƙan ƙasar Hausa ba kasafai ake ganin ta ba, kuma ba don ba su iya aiki ba ne. Masassaƙin da ke fitar da turmi da taɓarya da ƙotar fartanya da allo, zaune yake aiki a ƙasa, hannu ɗaya ko ƙafa na riƙe da itacen, ɗaya hannun na sara da gizago. Ita kuwa wuƙa mai ƙota biyu ta cinye hannuwan duka biyun, saboda haka dole a sami wani abu na uku da zai riƙe itacen. Wancan bencin da ake gani a bidiyo ba ado ba ne, rabin na'urar ke nan. Wanda ya sayi wuƙar bai tanadi abin riƙe itace ba, kamar wanda ya sayi waya ne ba caja.

Kuma an daɗe ana yin baka a wannan ƙasa ba tare da ita ba. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, 'yan baka ne suka tsaya wa dawakin Gobir. Sarautar Sarkin Baka har yanzu tana nan a garuruwa da dama. Bakan maharba sanda ce guda, mai kauri a tsakiya, tana sirancewa zuwa ƙarshenta biyu, da tsarkiya ta murɗaɗɗiyar fata. Gatari da gizago da wuƙar kube da abin kankara sun ishe ta. Wato dai sabuwar wuƙar sauri take ƙarawa da tsabtar aiki a wani mataki guda, ba ita ce ke yin bakan ba.

Lissafin da ke karya baka

Wanda ya gane wannan sashen zai iya zaɓar wuƙarsa da kansa ko da bai karanta sauran ba.

Idan aka ja baka, gefen da ke kallon abin hari, wanda za a kira bayan baka, miƙewa yake yi kamar roba. Gefen da ke kallon maharbi, wato cikin baka, matsewa yake yi. Itace kuwa tarin jijiyoyi ne da suka tafi a tsaye daga gindi zuwa sama. Muddin jijiyoyin bayan baka sun tafi daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba a datse su ba, za su jure miƙewar. Da zarar wuƙa ta yanke su a wani wuri, to nan ne sartse zai ɗago wata rana, bakan ya fashe a hannun mai shi. Shi ya sa doka ta farko ita ce, kusan dukkan sassaƙa a ciki da gefe ake yin ta, bayan baka kuwa ɓawo kawai ake cire masa a bar shi.

Na biyu shi ne maganar kauri. Taurin reshen baka ba ya tafiya daidai da kaurinsa, yana tafiya ne da kauri sau kauri sau kauri. Idan aka ninka faɗin reshe, taurinsa ya ninku sau 2. Idan kuwa kauri aka ninka, taurin sau 8 zai ninku. A buɗe kalkuletar waya a gwada: reshe mai kaurin milimita 20, aka shafce masa milimita 1, saura kashi 95 cikin 100 na kaurin. A buga 0.95 sau 0.95 sau 0.95, za a sami kusan 0.86. Milimita ɗaya tak ta tafi da kusan kashi 14 cikin 100 na taurin wurin. Idan milimita 2 aka cire, abin da ya tafi ya haura kashi 27.

To, wuƙa mai ƙota biyu a hannun sabon shiga tana iya cire milimita 2 a ja ɗaya ba tare da ya ankara ba. Wurin da aka zurfafa sai ya fi ko'ina laushi, duk lanƙwasar bakan ta taru a kansa kamar gwiwa. Gyara guda ne, a rage duk sauran reshen ya sauko daidai da wurin, daga nan a rage ɗaya reshen ma. Haka ake farawa da niyyar bakan farauta a ƙare da na wasan yara.

Saboda haka aikin wannan wuƙa ya tsaya ne a ɓare ɓawo da rage sanda daga gungume zuwa siffar baka. Da zarar sandar ta fara lanƙwasa idan aka dogara ta a ƙasa aka danna, lokacin ajiye ta ya yi. Abin da ya rage aikin magagari ne da abin kankara, irin guntun ƙarfe mai kaifin gefe ko fasasshen gilashi, sai samfefa a ƙarshe.

Itacen bidiyo daban, na Zakirai daban

Yawancin masu waɗancan bidiyoyin 'yan Amurka ne, kuma itacen da suka fi so shi ne wani mai launin rawaya da suke kira osage. A ƙasashen da ake sanyi mai tsanani itace na yin zobe ɗaya duk shekara, a wasu irin itatuwan kuma tsakanin zobe da zobe akwai wani sashe mai burgujewa. Mai sassaƙa osage sai ya cire farin itacen waje duka, ya bi zobe ɗaya tun daga sama har ƙasa bai huda shi ba, wannan zoben ya zama bayan bakansa. Wannan aikin ne ya sa wuƙa mai ƙota biyu ta yi suna a wurinsu, har wasu kan fi son wadda ta ɗan dakushe, don ta riƙa ratsa sashen mai burgujewa kamar ana tsagawa ba yankawa ba. A Ingila kuma wani itace ne mai suna yew, wanda ake barin farinsa a baya, jansa a ciki. Jirgin yaƙin nan Mary Rose da ya nutse a 1545 aka ciro shi a 1982, an sami dogayen bakuna fiye da 130 a cikinsa, na irin wannan itacen.

Babu ɗaya daga cikin itatuwan nan biyu a gonakin Gabasawa. Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar, tana cikin yankin da ke kewaye da birnin Kano wanda kusan ba a bar ƙasa ko taku ɗaya ba a noma ba. Ba daji ba ne da mutum zai shiga da gatari ya zaɓa. Itatuwan a tsakiyar gonaki suke, tsamiya da ɗorawa da kuka da gawo da kanya da darbejiya, kowace da mai ita. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin gonakin wannan yanki, har da Tumbau da ke maƙwabciyar ƙaramar hukumar Gezawa, kuma abin da ya nuna shi ne duk da yawan jama'a manoma ba su ƙarar da itatuwan ba, rainon su suke yi a matsayin dukiya. Don haka sandar baka a nan roƙo ake yi ko a saya. Wanda ya sare reshen kanyar wani don ya ga bidiyo, maganar a gaban mai unguwa za ta ƙare.

Itatuwan da aka sani da yin baka a wannan ɓangare na Afirka sun haɗa da dargaza da ɗunɗu da gora, saboda suna lanƙwasa su dawo. Sun fi samuwa a sauran dazuzzuka da bakin fadama, gora kuwa sai an nausa kudu, shi ya sa tambayar tsofaffin maharba da masu sayar da sanduna a kasuwa ta fi saurin kai mutum ga sanda mai kyau fiye da Google. Abin da ya shafi zaɓen wuƙa a nan abu biyu ne. Na farko, waɗannan sanduna sirara ne, kaurinsu bai fi a zagaye shi da yatsu ba, ba rabin gungume ba ne irin na bidiyo. Na biyu, yawancin itatuwan ƙasashe masu zafi zobensu ba ya fitowa fili yadda za a bi shi, saboda haka babu maganar bin zobe. A ɓare ɓawo a hankali, fatar itacen da ke ƙarƙashinsa ita ce bayan baka.

Sai kuma darbejiya, wadda ita ce mai koyo zai fi samu a sauƙaƙe tunda ko'ina akwai ta. Baƙuwa ce, asalinta daga yankin Indiya aka kawo ta zamanin Turawa. Jijiyarta sau da yawa a sarƙe take, wani sashe ya karkata dama, na ƙarƙashinsa ya karkata hagu. Wuƙa mai ƙota biyu kuwa ɗabi'arta ita ce ta shige ƙarƙashin jijiya ta bi ta. A itace mai miƙaƙƙiyar jijiya wannan alheri ne. A mai sarƙaƙƙiya, maimakon ta yanka sai ta ɓantaro, ta bar rami. Darbejiya ta yi daidai da koyon riƙon wuƙa da fiƙe ƙotar fartanya, amma duk inda aka ji wuƙar ta fara cizo tana ɗago itace, a juya a sassaƙo daga ɗaya ɓangaren, in ya ƙi a ɗauki magagari.

Abin dubawa a jikin wuƙar

Tunda sandunan sirara ne, baki mai tsawon santimita 15 zuwa 20 ya wadatar. Mai santimita 30 nauyi kawai za ta ƙara, ga kuɗin jigila. Ƙanana masu santimita 10 zuwa 13, irin wadda kamfanin Flexcut na Amurka ke yi, suna da daɗin sarrafawa amma hannuwa kan matsu kusa da sandar, kuma ba su da nauyin da zai taimaka a itace mai tauri.

Miƙaƙƙen baki ya fi lanƙwasasshe ga mai farawa, ba don komai ba sai don wasa shi ya fi sauƙi a kan dutse. Masu zurfin lanƙwasa na ɓare gungume ne ko rarake kujera.

Gangaren kaifi ya kasance tsakanin digiri 25 zuwa 30. Wanda ya gaza haka zai yi kaifi kamar reza amma zai ɓantare a kan itace mai tauri. Ba sai an nemi na'urar awo ba: idan faɗin gangaren ya ninka kaurin ƙarfen sau 2, digiri 30 ke nan, idan ya kusa sau 2 da rabi, ya sauko wajen 25. Ƙarfe mai kaurin milimita 5 yana son gangare mai faɗin milimita 10 zuwa 12.

Ana iya aiki da wuƙar ta fuska biyu, kuma wannan ya shafi yadda aka kafa ƙotocin. Idan shafaffen gefen ne a kan itace, wuƙar na ci da yawa, tana kuma son nutsewa. Idan aka kifa ta gangaren ya kwanta a kan itacen, mai aiki na iya ɗago kaifin ya fito daga yanka duk lokacin da ya so, kamar yadda ake sarrafa cokali. Ga mai yin baka, wanda babban tsoronsa shi ne zurfafawa, fuska ta biyu ta fi aminci. Gwajin shi ne a riƙe wuƙar gangare na ƙasa, wuyan hannu a miƙe ba a karye ba; idan bakin ya kwanta a kan itacen to ƙotocin sun dace. Idan sai an murɗe hannu kafin ta ci, awa ɗaya za ta gajiyar da mutum.

Ƙota ita ce inda masu araha ke ha'inci. Ya kamata wutsiyar ƙarfen ta ratsa ƙotar ta fito ta ƙarshe, a lanƙwasa ta ko a daddake ta a kan wani ɗan ƙarfe. Wadda aka cusa wutsiyar rabi aka liƙe da gam, ranar da aka ja da ƙarfi ƙota za ta zare ta bar ƙarfen a itace, mai aiki ya tafi da baya.

Sai ƙarfen kansa. Ana son mai yawan kabon, irin wanda ke yin tsatsa idan aka bar shi a danshi. Mai ƙyalli marar tsatsa na araha ba ya riƙe kaifi. A shafukan sayarwa na Sin za a ga an rubuta 65Mn, wannan ƙarfen sifirin ne, kuma ya isa wannan aiki idan an gasa shi daidai. Idan an rubuta lambar tauri ta HRC, daga 56 zuwa 60 ya yi. Tallan da bai faɗi irin ƙarfe ba, bai faɗi kauri ba, sai hotuna masu sheƙi, cinikin biri a sama ne.

Oda ta intanet, ko maƙera?

Akwai kamfanonin da suka yi suna, irin Pfeil na Suwizalan da Kirschen da Ochsenkopf na Jamus da Stubai na Ostiriya. Kayansu na da kyau, amma idan aka juya farashin zuwa naira aka ɗora kuɗin jigila, sai a ga bai dace da wanda bai taɓa gama baka ɗaya ba. Masu araha na AliExpress da Temu kuma sai an yi hattara da abu ɗaya da ke yawan ruɗar mutane: lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe sau da yawa tsawon wuƙar ne gaba ɗaya har da ƙotoci, ba tsawon baki ba. A gangara ƙasa a duba hoton da ke ɗauke da awo, a kuma karanta sharhin masu saye da suka ɗora nasu hotunan, musamman masu tauraro biyu da uku, su ne suka fi faɗin gaskiya. Yawancin irin waɗannan a dakushe suke isowa, sai an zauna an gyara shafaffen gefen a kan dutse kafin su yi aiki. A Jiji kuma wani lokaci akan ci karo da tsofaffin kayan kafinta na gwanjo; tsohuwar da ba ta yi ramukan tsatsa a kusa da kaifi ba takan fi sabuwar araha.

Amma a gaskiya, ga mai zaune a Zakirai, hanya mafi kusa ita ce maƙera. Maƙerin baƙi da ke ƙera lauje da gizago da garma ba abin da zai gagare shi a wuƙa mai ƙota biyu, illa dai bai saba ganin ta ba. Aikin waya a nan shi ne a nuna masa hoto ta fuska uku, sama da ƙasa da gefe, sannan a zana awon a takarda da girmansa na gaskiya, don hoto ba ya nuna kauri. Ƙarfen da za a kai masa shi ne guntun sifirin mota, wanda ake samu a wurin 'yan gwangwan ko a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Sifirin na da kabon wajen kashi 0.6 cikin 100, yana ɗaukar tauri kuma ba ya saurin karyewa, sai dai yana da kauri, dole a buge shi ya sauko wajen milimita 5. Tsohon magagari ma yana yi, kaifinsa har ya fi, amma ya fi saurin tsagewa idan ba a sassauta taurinsa ba. Rodin gini kam a bar shi, ba ya riƙe kaifi.

Abu uku ne ya kamata a jaddada wa maƙeri, domin hannunsa ya saba da wuƙar yanka mai gangare ta gefe biyu. Gangare ta gefe ɗaya kawai ake so, ɗaya gefen a shafe sumul. Wutsiyoyin biyu kada a ba su tauri, don su jure ja ba su karye ba. Sannan bayan an tsoma jan ƙarfen ya yi tauri, wanda ga sifirin mai ya fi ruwa aminci saboda ruwa kan tsaga shi, a sake ɗumama bakin a hankali har ya yi launin karan dawa busasshe, wato wajen digiri 220 zuwa 230 na zafi. Idan ya wuce ya koma shuɗi, ya yi laushi. Kafin a biya, a goga sabon magagari a kan kaifin: idan ya zame yana ɗan kama kaɗan, an dace, idan ya ci ƙarfen kamar yana cin ƙusa, a koma wuta. Haka nan idan za a kai wa mai walda ya gyara gangaren da injin gurza ƙarfe, a riƙa tsoma wuƙar a ruwa akai-akai, domin zafin injin na iya kashe taurin da maƙeri ya wahala a kai cikin daƙiƙa kaɗan. Alamarsa ita ce shuɗin tabo a bakin kaifi.

Riba ɗaya da oda ba ta da ita: idan ƙotocin ba su dace da hannu ba, gobe a mayar wa maƙeri ya gasa wutsiyar ya karkata ta.

Riƙe itacen, da inda rauni ke fitowa

Wanda ya ga ana janyo kaifi wajen ƙirji zai ɗauka nan haɗarin yake. Ba kasafai ba, domin gwiwar hannu na tokarewa kafin wuƙar ta iso jiki. Raunin ya fi fitowa a wurare uku: lokacin wasa wuƙar, inda yatsu ke yawo kusa da dogon kaifi, lokacin da aka ajiye ta tsirara a ƙasa ko cikin buhu, da lokacin da sandar ta kuɓuce ta daki mai aiki a ciki. A sa baduku ya ɗinka mata kube tun ranar farko, kuma a rataye ta inda yara ba sa kaiwa.

Kafinta na iya haɗa bencin nan mai kama da doki da ragowar katako idan aka nuna masa hoto, dabararsa ba ta wuce wani katako mai juyawa da ake takawa da ƙafa ya danne sandar ba. In babu hali, abin matse ƙarfe na teburin masu walda ya yi, a naɗe sandar da tsumma ko fata don kada haƙoransa su raunata bayan baka. In wannan ma babu, a ɗaure sandar a jikin turke da robar cikin taya.

Itace ɗanye ya fi daɗin sassaƙa nesa ba kusa ba, saboda haka a ɓare a kuma rage sandar tun tana ɗanya, a bar ta da kauri fiye da yadda ake so, sannan a shanya a inuwa. Iskar hunturu ta Kano na busar da itace da gaggawa har bakinsa ya tsattsage, don haka a shafe ƙarshen biyu da gam ɗin kafinta ko fenti ko kakin zuma. Kada a fara lanƙwasa ta tana ɗanya, za ta lanƙwashe ta ƙi dawowa. Hanyar sanin ta bushe ita ce ƙaramin sikeli na dijital: a auna duk bayan kwana uku a rubuta a waya, ranar da nauyin ya daina sauka na tsawon mako biyu, ta shirya.

Inda waya ta karɓi aiki

Bayan an ajiye wuƙa, sauran aikin shi ne daidaita lanƙwasa, wato a tabbatar kowane reshe na lanƙwasa a ko'ina daidai, kuma biyun sun yi kama. A kafa bakan a jikin bango ko turke, a ɗaura igiya a tsarkiya ta bi ta cikin kura irin ta rijiya, mai aiki ya tsaya nesa yana ja. Nisan na da amfani biyu, ido ya fi ganin siffar, kuma idan bakan ya fashe ba a fuskar kowa ba.

Ido na yaudara, musamman idon wanda ya yi sati yana wahala yana son ya ga aiki ya yi kyau. Kyamara ba ta da wannan son ran, amma tana da nata aibin: gilashinta mai faɗin gani na lanƙwasa abin da ke gefen hoto idan aka matso kusa. A kafa wayar daidai tsayin tsakiyar bakan, a ja da baya kamar taku biyar ko shida, a kunna layukan raga da ke cikin saitin kyamara, a ɗauka. Daga nan a buɗe hoton a manhajar gyaran hoto, a juya shi dama ta koma hagu, a kwatanta da na asali. Reshen da ya fi tauri zai fito fili, haka ma wurin da ya fara yin gwiwa. A sa alama da fensir a wurin da ya yi laushi don kada a taɓa shi, a kankare masu taurin kamar sau ashirin, a ja igiyar sau da yawa itacen ya saba da sabon kaurinsa, a sake ɗauka.

Don sanin ƙarfin bakan, sikelin rataye na dijital irin wanda matafiya ke auna jaka da shi ya isa, a maƙala shi tsakanin igiya da tsarkiya. A bidiyoyin waje da fam da inci ake magana: fam ɗaya giram 454 ne, saboda haka bakan da aka ce fam 40 ne a inci 28, kilo 18 ke nan idan aka ja shi santimita 71. Mai farawa ya nufi kilo 12 zuwa 15. Kada kuma a taɓa jan sandar fiye da nauyin da aka nufa yayin gwaji, ko da ba ta kai nisan da ake so ba. Bakan da za a ja har santimita 71 yana son tsawon da ya kai santimita 165 zuwa 175. Na maharba gajere ne saboda ba a jan sa har can, don haka wanda ya kwaikwayi tsawonsa ya kuma ja shi irin jan bidiyo, karya shi zai yi. Sakin tsarkiya babu kibiya ma na fasa baka, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi a jikin itacen yake komawa.

Harbin baka wasa ne da ake yi har a gasar Olamfik, inda ake harbi daga nisan mita 70, amma a kan titi baka makami ne, kuma a halin tsaron da ake ciki yawo da shi ko da wuƙa mai tsawon santimita 20 na iya jawo wa matashi tambayoyin da bai shirya amsawa ba. A yi gwaji a wurin da aka killace, bayan abin harin a sami bango ko tarin ƙasa, ba gonar da mutane da awaki ke ratsawa ba. Idan damina ta kama, a sassauta tsarkiya duk lokacin da aka gama, a ajiye bakan a kwance nesa da danshi, ita kuma wuƙar a goge ta da ɗan man gyaɗa ko baƙin mai kafin a mayar da ita kube, don ƙarfen sifirin kwana biyu ya ishe shi yin tsatsa a watan Agusta.